Maharbin da Ya Zauna a Garin da Ba a Farauta

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Mahaifina ya rasu da hantsi, aka yi masa salla a Harami bayan la'asar, kafin magariba an kai shi makwancinsa. Mu mata ba mu je maƙabarta ba. Muna gida a unguwar Mansur ta Makka muna shimfiɗa darduma, yayana da samarin unguwa suna jera kujeru a lungu domin maza.

Yawancin waɗanda suka zo ta'aziyya sun san shi ne da mai gyaran mizani. Yana da ɗan shago wanda bai fi ɗakin girki ba, kuma masu zinare da mahauta da masu kayan yaji duk wurinsa suke kai sikelinsu. Wata dattijuwa mai sayar da kuka da daddawa a bakin titi ta hawo benenmu da ƙyar, ta zauna kusa da mahaifiyarmu Ummi, ta ce ita ba ta san sunansa ba sai yau. Wai wata rana ya tsaya sayen daddawa, ya ga yadda take awo, ya ce mata, "Hajiya, mizaninki ke yake cuta, ba masu saye ba." Ya tafi da shi, ya dawo da shi washegari. Tun daga nan in ya biyo ta wurin sai ya tsuguna ya duba, bai taɓa karɓar ko ƙullin barkono ba.

A rana ta biyu wasu manyan motoci suka tsaya a bakin lungu. Wani attajiri ne daga Jidda, mai shagunan zinare, wanda mu a gida muke kira Alhajin Jidda. Ya rungume yayana yana kuka, ya ce a gaban jama'a, "Wanda ya tsaya a bayana duk lokacin da na fuskanci ɓauna ya tafi." Kafin a gama zagayawa da gahawa, maganar ta hawo sama wurin mata. Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Wata Baturiya ce daga kudancin Afirka, tana haɗa Turanci da 'yan kalmomin Larabcin da mahaifina ya koya mata, tana cewa ma'aikatan gonarta sun ajiye aiki ranar saboda shi.

Maƙwabciyarmu ta ajiye finjalinta ta dube ni. "Wai farauta? Baban naku? Mutumin da ya bar mu muka sha zafi saboda tantabara?"

Gwaggo, ƙanwarsa, ta ce, "Shi fa. Mu da muka taso da shi mun sha fama."

"Ni na ɗauka Sudan yake zuwa duk shekara, wurin dangi."

"Ai ba ki tambaya ba," in ji Ummi. "Shi kuma ba ya ba da labarin da ba a tambaye shi ba."

Malamin masallacinmu, amininsa, shi ya yi masa wanka. Daga baya ya gaya wa yayana cewa fatar kafaɗarsa ta dama ta yi kauri ta yi baƙi kamar gwiwar raƙumi, kuma da ya gani sai da ya dakata ya share hawaye. Su kuwa 'ya'yana, waɗanda Larabci ya fi zama a bakinsu, sai tambayata suke yi ko da gaske kakansu ya kashe zaki. Bai kashe zaki ba. Abin da ya yi ya fi haka wuyar bayani, shi ya sa na ce bari in rubuta, kuma da Hausa, ko don son sanin kakansu su dage su karanta.

Maganar tantabara gaskiya ce. Wata shekara da bazara tantabaru suka yi sheƙa a bayan na'urar sanyaya ɗakin da ke jikin tagar falonmu, wadda ruwanta ke zuba ta wajen maƙwabta. Na'urar ta lalace, mai gyara ya ce sai an ciro ta. Abuya, haka muke kiransa, ya leƙa ya ga ƙwai biyu, ya ce a bari. Muka yi ta fifita har 'ya'yan suka yi fiffike. Bututun da ya haɗa mu da maƙwabciya ma sai da aka rufe, ita ma ta ɗanɗana. In an yi masa ƙorafi sai ya ce, "Garin wanga amana na. Ko ƙaya ba a cirewa, balle mai rai." Hausarsa ta Sakkwatawan Mai Wurno ce ta ƙasar Sudan, inda aka haife shi, zaman Makka ya gauraya ta amma bai wanke ta ba.

Amma in muka ɗauki hanyar Jidda, da zarar mota ta wuce alamar iyakar Harami, sai ka ga wani mutum daban. Wuyansa ya miƙe, idonsa yana kan rairayi. Ya taɓa sa yayana ya tsaya a gefen titi don kawai ya nuna mana sawun yanyawa, ya ce ta wuce da safe, tana ɗingishi da ƙafar baya. Muka tsaya cikin rana muna kallon ƙasa, mu ba mu ga komai ba.

Kunnensa na hagu ba ya ji sosai. Da ina ƙarama na tambaye shi me ya sa na hagu, alhali a dama yake ɗora bindiga. Ya ji daɗin tambayar ƙwarai. Ya ɗauko tsintsiya ya kafa a kafaɗa, ya kwantar da kumatu, ya nuna mini yadda kunnen dama ke ɓuya a jikin kafaɗa, na hagu kuwa yana fuskantar bakin bindiga. Haka yake. Duk tambayar da ta shafi yadda abu ke aiki, to ka taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi.

Mahaifinsa maharbi ne. Shi kuma tun yana saurayi ya tafi Khartoum, ya yi aiki wurin wani baƙo mai gyaran bindigogin farauta, a nan ya koyi ɗura harsashi da hannu. Ya bi masu farauta zuwa dazukan kudu shekaru da dama. Daga baya ya zo aikin hajji, ya ga Ummi, ya zauna. Da ya duba abin da ya iya wanda zai ci abinci da shi a Makka, sai ya ga awo ne, tunda mai ɗura harsashi rabin aikinsa a kan mizani yake. Ya yi shekaru masu yawa bai taɓa bindiga ba. Wata rana ya je gyaran mizani a shagon Alhajin Jidda, ya ga wani dogon kwanson harsashi a kan tebur an danne takardu da shi. Ya ɗauka yana jujjuyawa, ya manta da aikin da ya kawo shi. Alhaji ya tambaye shi ko ya san mene ne. Hirar da suka fara ranar ba su gama ta ba sai da mutuwa ta raba.

Alhaji yana da izinin farauta a wata gona a kudancin Afirka, gonar Baturiyar nan, wadda ta gada daga mijinta. Bindigoginsa suna can, kayan ɗura harsashi suna can, komai bisa dokar ƙasar. Ko kwanso ɗaya Abuya bai taɓa shigowa da shi gidanmu ba. Duk shekara sai su tafi tare, ya shirya wa Alhaji bindiga da harsashi, ranar fita daji kuma ya tsaya a bayansa da tasa bindigar, gefe da Baturiyar.

Wannan tafiya ce ta haɗa shi rigima da Malam. Ina jin su daga ɗaki, suna shan shayi bayan la'asar. Malam ya ce shi bai ga dalilin da zai sa mutum ya bar maƙwabtakar Ɗakin Allah ya je ya kashe dabba don a rataye ƙahonta a bango ba. Abuya ya ce naman ba ya kwana, mutanen ƙauyukan wurin ake rabawa, har kayan ciki. Ya ƙara da cewa shi kowane harsashi da zai ɗura sai ya yi masa bisimilla, saboda haka duk abin da ya faɗi da harsashinsa halal ne, ko wa ya harba.

Malam ya ce, "Wannan kuma a wane littafi? Bisimilla a kan mai harbi take, lokacin harbi. Ba a ɗura ta a kwanso a ajiye."

"Ni na gaya maka ana yi."

"Kai ne kake yi. Ba ana yi ba."

Abuya ya tashi ya bar shayinsa. Suka daɗe ba sa zama tare, sai gaisuwar masallaci. Ummi ta yi magana, Gwaggo ta yi, bai saurara ba. Ashe abin yana cinsa. Wata rana ya shirya ya tafi Harami, ya bi layi wurin malaman da ke amsa tambaya, ya tambaya. Daga can bai zo gida ba, gidan Malam ya wuce. Yayana ne ya kai shi, shi ya ba mu labari. Wai ko zama bai yi ba ya ce, "Kai ka da gaskiya kan bisimilla. Kan nama kuwa ni ka da ita." Malam ya ce ya yarda, a kawo shayi. Tun daga nan sai ya riƙa tsare Alhaji da tunin bisimilla kafin harbi. Amma bai daina yi wa harsashinsa ba. Ya ce ba ta hana komai, kuma hannu ya saba.

Tafiyarsa ta ƙarshe da ni aka yi. Ciwon sukari ya fara kayar da shi, Ummi ta ce ba zai taka jirgi shi kaɗai ba. Yayana direban bas ne a tashar Kudai, bai sami hutu ba. Ni kuwa mijina ya rasu, yarana sun girma, ɗinkin abaya nake yi a gida, ba wanda zai ce mini don me. Na je ne don in riƙa ba shi magani in hana shi shan zaƙi. Ban san zan dawo da labari ba.

A shekarar Alhaji ya yi masa kyautar sabuwar bindiga, irin wadda suke kira magnam, mai babban kwanso da ke cin albarushi da yawa, ta manyan namun daji. Da Baturiyar ta buɗe akwatin, Abuya bai ce ta yi kyau ba. Ya ɗaga ta ya aza a tafin hannu ya ga inda nauyinta ya raba. Ya kai kafaɗa ya sauke, ya rufe ido ya sake kaiwa, ya buɗe ya ga ko idonsa ya faɗa daidai madubin saiti. Sannan ya cika ta da harsasan gwaji marasa albarushi, ya riƙa ja da tura makullinta da sauri suna fita ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Abuya, ba za ka harba ka gani ba?"

Ya ce, "Ɗiyata, bindigar ɓauna farkon abin da aka duba shi na ko tana haɗiya ba ta shaƙe ba. Wadda ta iya saiti amma ta shaƙe a harsashi na biyu, kashe mai ita ta kai."

Ni da na ɗauka harsashi abu ɗaya ne dunƙulalle kamar tsakuwa. A ɗakin aikin gonar na ga ashe haɗa shi ake yi. Akwai kwanso na tagulla. Akwai wani ɗan maɓalli a gindinsa mai tayar da wuta, shi yake kira kabsula. Akwai albarushi, sannan kan harsashin da ke fita. Kan ma iri biyu ne. Ɗaya mai taushin baki wanda ke buɗewa in ya shiga nama, ɗaya kuma ƙarfe ne zalla da ke ratsa ƙashi ya wuce. Ya ce ɓauna ana fara mata da mai buɗewa, a biyo da masu ratsawa.

Ya wanke kwansunan, ya matse su a wani ɗan inji su koma daidai, ya gwada tsawonsu. Albarushi kuwa ƙwaya-ƙwaya yake sakinsa a kan ɗan mizani har allura ta tsaya cak. A lokacin ba a yi masa magana, ba a kunna ko fanka. Yana da littafin masu yin albarushin a gefe, ya ce abin da suka iyakance ba ya ƙetarewa ko da ƙwaya, kuma daga ƙasa ake farawa ana hawa sannu. Bayan kowane harbi sai ya ɗauki kwanson ya duba gindinsa da gilashi. In kabsular ta baje, ko makullin bindiga ya yi tauri wajen buɗewa, to an yi yawa, a koma baya. Na ce masa wannan ai kamar ɗinki ne, a yanka da sauran wuri, a riƙa ragewa. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Daga ranar ni ke riƙe masa tire.

Wurin gwaji wani fili ne a bayan gida, da tebur da buhunan yashi, can nesa kuma allo da takarda mai baƙin da'ira. Harbin farko da ya yi, na ji shi a haƙorana duk da abin toshe kunne. Bindigar ta tura shi baya, hularsa ta faɗi. Ya yi murmushi ya ce tana da shuri amma ba ta da mugunta, kai tsaye take turawa. Ya yi uku, muka taka zuwa allon. Hudojin sun watse, ɗaya sama, ɗaya gefe, faɗinsu ya kai na faifai. Ya ce in auna da tef ɗina na ɗinki, na auna.

Bai damu ba. Daɗi ma ya ji, ya sami abin bincike. Ya ce wataƙila ba ta son wannan albarushin, aka koma ɗaki aka canza. Washegari suka sake watsewa. Ya ce to ko madubin saiti ne bai ɗauru ba, ya bi kusoshinsa ɗaya-ɗaya. Ya zura siririyar takarda tsakanin ƙarfen bindigar da katakonta ya ga ko suna gogar juna. Ya canza zurfin da kan harsashi ke zama a kwanso. Ya ce iska ce, muka jira ta kwanta. Ya ce ƙarfen ya yi zafi, muka jira ya huce. Kullum da safe yana da sabon zato, kullum da yamma ina shafa masa man zafi a kafaɗar da ta yi shuɗi. Alhaji yana ta tsokanarsa, wai ko a mayar wa masu ita. Abuya ya ce ba a yanke wa bindiga hukunci sai an gama jin ta bakinta.

Wata safiya, bayan ya harba mun dawo daga allon, ya zauna yana kallon hannuwansa. Sai ya kira Baturiyar, ya miƙa mata bindigar da harsashi uku daga cikin na farkon da ya ɗura. Ta dube shi, ta dubi Alhaji, ta zauna ta harba. Da muka je, hudojin uku suna manne da juna kamar ƙwayar gyaɗa a kwanso ɗaya. Ban ma ciro tef ba. Ya ce Alhaji ma ya gwada. Nasa ba su kai nata ba, amma tafin hannuna ya rufe su.

Ni na ɗauka Abuya zai tashi ya shige ɗaki, don na san zuciyarsa. Sai ya ce, "To, bindiga ta fita. Saura mu gano wane wuri na a jikina."

Ya fitar da komai daga cikinta, ya nuna wa kowa ba harsashi. Ya miƙe tsaye ya kai ta kafaɗa, ya ce in ɗora kwanso a tsaye a kan ƙarfen, kusa da baki. Ya ce da can yana iya jan kunama kwanson bai motsa ba. Na ɗora, na janye hannuna. Kafin ma yatsansa ya kai ga kunamar, kwanson ya yi rawa ya faɗi. Muka sake, ya sake faɗuwa.

"Hannu ke nan," in ji shi. Sannan ya leƙa madubin da idon dama, ya daɗe. "Ɗiyata, da'irar can guda nawa ta?"

"Ɗaya ce, Abuya."

"Ni biyu nika gani, ɗaya bisa ɗaya. Ashe su biyu sunka haɗa mini kai." Ya yi 'yar dariya. Ya juya ga bindigar ya shafa katakonta. "Na ɗora miki laifi kwana da kwanaki. Yafe mini."

Na ce masa ai ana aikin ido, a Makka ma ana yi. Ya ce ya sani, ido ana gyarawa. Ya ɗaga hannun ya nuna mini yana karkarwa a hankali kamar ganye. Ya tambaye ni ko na taɓa lura da shi. Na ce wallahi ban lura ba, don a wurin mizani yakan jingina gwiwar hannunsa a tebur. Ya ce shi ma abin da ya ɓoye masa ke nan.

Ranar fita daji, Alhaji ya roƙe shi ya ɗauki bindigar ko da ba zai harba ba. Ya ce shekara da shekaru bai taɓa tunkarar ɓauna ba tare da ya san Abuya na bayansa da bindiga ba, ƙafarsa ba za ta tsaya ba.

Abuya ya ce, "In na riƙe ta, za ka dogara da ni. In abin ya taso, kai da masu bin sawu kuna tsakanina da shi, ni kuwa hannuna ga yadda shike. Madam na nan, ta ishe ka. Kai ɗauki sabuwar, ta fi taka. Ni zan zo da sanda."

Alhaji ya ce kyauta ce ya ba shi, ba ya karɓar kyautarsa. Abuya ya ce aro ne. Haka suka fita, shi da sandarsa da butar ruwa. Ni aka bar ni a mota tare da direba, a gindin wata bishiya. Rana ta ɗaga, ƙudaje suka dame mu, na ƙare tasbihi na sake. Tunanina ɗaya, tsoho mai ciwon sukari yana cikin ciyawar da ta fi shi tsawo, ba komai a hannunsa, kuma ya sha gaya mini cewa ɓauna in ta ji rauni kewayowa take ta jira mai binta. Can wajen azahar muka ji harbi ɗaya. Aka yi shiru mai tsawo. Sai na biyu. Direban ya saurara, ya ce mini da hannu in kwantar da hankali, na biyun na tabbatarwa ne.

Da muka isa da mota, wani tsohon kutunkun ɓauna ne, wato babban namiji, kwance, ƙahonsa ya goge don tsufa. Alhaji yana zaune a ƙasa yana shan ruwa. Ya ce mini, "Babanki ne ya raɗa mini bisimilla a kunne, da na manta." Shi kuwa Abuya yana tsugune wurin masu fiɗa, ya naɗe hannun riga, yana bin hanyar da harsashin ya bi. Ya nuna mini inda ya shiga bayan kafaɗa, haƙarƙarin da ya karya, har inda ya tsaya a ƙarƙashin fatar ɗaya gefen. Aka ciro masa shi. Ya buɗe kamar fure, gindinsa bai rabu ba. Da yamma ya wanke shi ya ɗora a mizani don ya ga nawa ya rage na nauyinsa. Kusan duka yana nan. A duk tafiyar ban ga fuskarsa ta yi haske kamar lokacin ba. Ya ce dabbar ba ta yi nisa ba ta faɗi, ba ta wahala ba, kuma shi abin da yake nema ke nan tun yana saurayi.

Mutanen ƙauye suka zo da robobi da buhuna. Kafin rana ta faɗi ba abin da ya rage sai jini a ƙasa.

A jirgin dawowa, da aka sanar an kusa miƙati, ya shiga banɗaki ya ɗaura harami, ya ce haka yake yi duk shekara, da umara yake shiga gida. Ya dawo ya zauna kusa da ni, kafaɗar nan a buɗe kowa na gani. Ya yi talbiyya a hankali. Can ya ce, "Da, in na ɗaura wanga zane, sai in ji an karɓe mini wani abu, tunda mai harami ba shi farauta. Yau ban ji ba." Na tambaye shi ko baƙin ciki ne. Ya yi tunani sosai kafin ya amsa, kamar yadda yake yi wa kowace tambaya. Ya ce shi ma yana dubawa, bai gama ganewa ba tukuna.

An yi masa aikin ido, ya koma shago yana gani tar, ya riƙa koya wa ɗan Gwaggo aikin da hannunsa ya daina yi. Bai sake tafiya ba. Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, Alhaji ya zo duba shi wata rana da la'asar, ni da Ummi muna wurin. Abuya ya tambaye shi yaya bindigar, wane ne ke ɗura mata yanzu. Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce tun daga waccan shekarar bai koma ba. Tana cikin akwati a wurin Madam, kuma ba ya jin zai ƙara taɓa ta.

Ran Abuya ya ɓaci. Ya sa na ɗaga masa filo. Ya ce, "Wanga wane irin zance na? Mun wahala mun gano abin da take so, sannan ka kulle ta? Ka koma. Ka ce wa Madam ta fara daga ƙasa in ta canza albarushi, kada ta dogara da nawa. In na mutu ma ka tafi. Bindiga ba ta takaba."

Ummi ta ce daga bayan mayafinta, "To ni fa?"

Ya juyo mata da kunnensa mai ji, ta maimaita. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Ke kam sai kin yi. Ki yi haƙuri, na sha barinki ina tafiya."

Ta ce, "Kana dawowa ai."

Ya riƙe gefen mayafinta da hannun nan mai karkarwa. Alhaji ya tashi ya fita baranda. Bayan kwana kaɗan Abuya ya cika.

Ummi tana cikin takabarta yanzu, a ɗakin da suka zauna tun kafin a haife ni. Allah Ya jiƙan mahaifina, Ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba ta haƙurin rashinsa. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Wanda ya karanta wannan, ya sa shi a addu'a.